Injin Iska a Shagon Kafinta: Jagora Ga Masu Aikin Katako a Birnin Kudu da Gwaram

Da an kai amfanin gona gida, an sayar da riɗi da gyaɗa, sai hidimar aure ta kankama a kudancin Jigawa. A lokacin ne kafintocin Birnin Kudu da Gwaram, da takwarorinsu na Babaldu da Sara da Basirka, suke rasa lokacin kansu. Wannan uba yana jiran gado da sif, wancan yana jiran kujeru da madubi, kuma kowa ya riga ya sa rana. Haka ake sake yi gabanin azumi. Irin wannan matsi ne ke sa kafinta tunanin sayen ƙaramin injin iska, wato kwamfireso, don ya riƙa harba ƙusa da fesa fenti maimakon dogaro da guduma da buroshi kaɗai.

Injin ba baƙo ba ne a wajenmu. Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Kano ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu ya ga irinsa a gaban masu faci. Sai dai aikin kafinta ya fi na mai faci tsantseni. Taya ba ruwanta da ɗigon ruwa ko na mai a cikin iskar da aka ɗura mata, amma ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata fuskar teburin da aka wuni ana gogewa. Ƙaramin inji yana da iyakar abin da zai iya. Wanda ya san iyakar nan, ya kuma tsare tsabtar iskarsa, zai ci moriyarsa shekaru. Wanda ya jahilce ta kuwa zai ƙona inji, ya ɓata aiki, wani lokaci har ya ji wa kansa ko yaronsa ciwo.

Sassan da ya kamata ka sani

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai tankin lita 24 ko lita 50, da moton lantarki mai ƙarfin doki 2, wato kimanin wat 1,500. Moton yana juya fistin, fistin yana zuƙo iska ta cikin matata ya danna ta cikin tanki. A kan tankin akwai akwatin makunni mai jan maɓalli. Shi ke kashe moto idan matsin iska ya kai bar 8, ya sake tayar da shi idan ya sauka zuwa wajen bar 6. Za ka ga geji biyu. Ɗaya yana nuna abin da ke cikin tanki, ɗayan yana nuna abin da ke fita zuwa mesa, kuma wannan na biyun ne kake sarrafawa da regileta. Yawancin geji suna da lambobi iri biyu, bar da PSI. Bar ɗaya daidai yake da PSI 14.5, don haka bar 6 ya kama wajen PSI 87, bar 8 kuma PSI 116.

Akwai ƙananan abubuwa uku da ake rainawa alhali su ke tsare rai da dukiya. Na farko bawul ɗin kariya mai zobe, wanda ke buɗewa da kansa idan makunni ya gaza kashe moto. Na biyu ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki, na zubar da ruwa. Na uku 'yar tagar gilashi ko sandar duba mai a jikin kan injin. Kada ka fara aiki sai ka san inda kowannensu yake.

Ƙarfin iska daban, yawanta daban

A nan ne akasarin masu saye suke yin asara. Mutum ya ga an rubuta bar 8 a jikin ƙaramin inji, ya ga bindigar fenti tana buƙatar bar 3 kacal, sai ya ɗauka har da rara. Bai san akwai ma'auni na biyu ba: lita nawa injin yake iya samarwa a minti ɗaya. Tanki kamar randa yake, kan injin kuma shi ne mai ɗebo ruwa. Komai girman randa, idan masu sha sun fi ƙarfin mai ɗebowa, ƙarewa za ta yi.

Ga lissafin. A jikin inji mai ƙarfin doki 2 ana yawan rubuta lita 200 ko kusa da haka a minti, amma wannan iskar da yake zuƙa ce. Wadda take isa mesa da matsin aiki ba ta cika wuce lita 100 zuwa 130 ba. Tankin lita 24 da ya sauka daga bar 8 zuwa bar 6 ya ba da iska lita 48, na lita 50 kuma ya ba da lita 100. Ƙaramar bindigar ƙusa tana cin wajen lita ɗaya ko ƙasa da haka a kowane harbi, saboda haka za ka harba ƙusa da dama kafin moto ya sake tashi. Bindigar fenti kuwa tana iya shan lita 150 zuwa 300 a minti, ba tsayawa. Mai shan lita 200 za ta cinye waccan lita 48 a cikin daƙiƙa 15, daga nan moto ya kama gudu bai cim mata ba. Injin gugar katako mai aiki da iska ya fi wannan ma ci. Idan a jikin kaya an rubuta CFM maimakon lita, ka ninka lambar sau 28.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne: ƙaramin inji gwani ne a harbin ƙusa da aikin kushin. Yana iya fesa ƙananan kaya, kamar ƙofar sif ko kan gado, idan ana yi ana hutawa. Ba zai iya ɗaukar injin guga ba, kuma ba zai iya feshin wuni guda ba. Wanda feshi ne babban aikinsa ya tara kuɗi ya sayi mai bel da tankin lita 100 zuwa sama.

Wajen saye

Kafintan wannan yanki yakan nufi Kano ne, Sabon Gari ko Kofar Ruwa, sau da yawa a tafiyar da zai sayo katako a 'Yan Katako na Na'ibawa. Ko sabo ne ko na hannu, kada ka biya sai an tayar maka da shi. Ka tsaya har ya cika ya mutu da kansa, sannan ka jira minti biyar kana kallon geji. Idan allura tana sauka alhali ba a buɗe komai ba, akwai yoyo. A na hannu, ka sa a buɗe famfon ƙasa. Idan jan ruwa mai ɓarɓashin tsatsa ya yi ta fitowa, ko ka ga alamar walda a jikin tanki, ka bar shi komai arharsa, domin araha ba ta ado. Ka duba farantin jikinsa: wutarmu bolt 230 ce, don haka inji mai bolt 110 irin na Amurka ba namu ba ne.

Akwai inji mai amfani da mai, akwai marar mai. Mai mai ya fi jure aiki da zafi, amma yana da ƙara, kuma yakan turo ɗan mai cikin iska. Marar mai iskarsa ta fi tsabta, wasu nau'o'insa ma ba su da ƙara sosai, sai dai yakan riga wancan gajiya idan ana matsa masa.

Ka haɗa da mesa mai faɗin ciki milimita 8, tsawon mita 10 zuwa 15. Siririyar mesa mai naɗi ta isa bindigar ƙusa, amma tana shaƙe bindigar fenti. Ka sayi matatar ruwa mai kofin gilashi, da farin tef irin na masu gyaran famfo don naɗe bakin zare. Mahaɗan mesa iri-iri ne kuma ba sa shiga juna, don haka ka gwada su da bindigoginka tun a shagon.

Wuta da mazauni

Moton nan yana jan amfiya 7 zuwa 8 idan yana gudu, amma a lokacin tashi yakan ja ninki uku ko fiye. Shi ya sa ƙaramin janareta na kunna fitila da cajin waya ba zai tayar da shi ba. Ka nemi mai kVA 3.5 zuwa sama, kuma ka bar janareta ya daidaita kafin ka kunna injin. Idan wutar gari ta zo da rauni, ka ji moto yana gurnani bai juya ba, ka kashe nan take. Daƙiƙu kaɗan a haka suna ƙona naɗin waya. Doguwar siririyar waya ma tana rage ƙarfin wuta. Ka ajiye injin kusa da soket, ka ƙara tsawon mesa maimakon tsawon waya. In dole sai an ja waya, ta kasance mai kaurin murabba'in milimita 2.5, kuma a warware ta duka.

Ka ɗora shi a daɓe mai daidai, a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da inda ake yanka da guga, da tazarar akalla taku biyu daga bango. Janareta kuwa waje ne wurinsa. Hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki ba tare da mutum ya ankara ba.

Tayarwa kowace safiya

1. Ka duba mai. Ya tsaya a tsakiyar tagar gilashi, daidai jan ɗigon.
2. Ka tabbata famfon ƙasa a rufe yake, regileta kuma a sassauce.
3. Ka sa filogi, sannan ka ja jan maɓalli sama. Ka bar tanki ya cika har moto ya mutu da kansa.
4. Ka saurara. Idan ka ji tsaki, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗai. Inda ya yi kumfa nan ne yoyon.
5. Ka haɗa mesa da bindiga, bakinta yana kallon ƙasa, sannan ka murɗa regileta a hankali har geji ya kai matsin da aikin ke so.

Wajen kashewa, kullum da jan maɓalli za ka kashe, ba da zare filogi ba. Maɓallin ne ke sakin iskar da ta maƙale a kan fistin, ita ce 'yar fitar iskar da kake ji idan ya tsaya. In ba ta fita ba, moto zai tashi da kaya a kansa. Haka idan an ɗauke wuta yana cikin gudu, ka danna maɓallin ƙasa kafin a dawo da ita.

Bindigar ƙusa

Lambobin da ke jikin bindigogin nan suna gaya maka aikinsu. F30 tana harba siririyar ƙusa daga milimita 10 zuwa 30, F50 kuma har milimita 50. Su ne na kama ado, da firam, da gefen durowa. Mai lamba 1013J tana harba faffaɗar ƙusa mai ƙafa biyu har tsawon milimita 13, ita ce ta masu kushin, ta kama yadi da leda. Mai lamba 422J ƙusarta mai ƙafa biyu ce matsattsiya, har milimita 22, ta dace da falankin bayan sif. Kowace bindiga da ƙusarta. Cusa mata wadda ba tata ba shi ne babban dalilin maƙalewa.

Kafin ka haɗa mesa da safe, ka ɗiga mata man bindigar iska ɗigo biyu ko uku ta inda iska ke shiga. Ba baƙin mai ba, ba man gyaɗa ba, domin suna cinye robobin ciki ko su daskare. Matsin aikinta bar 5 zuwa 7 ne. Ka fara da bar 5, ka gwada a kan guntun katakon da za ka yi aiki da shi. Abin da ake nema shi ne kan ƙusa ya nutse kaɗan, yadda za a cike gurbin a goge. Idan ya tsaya a waje, ka ƙara rabin bar. Idan ya huda ya wuce, ka rage. Farin katako da malaina ba sa son matsi da yawa. Maɗaci da sauran jan katako suna son ƙari. Itace mai tauri irin ƙirya kuwa yakan lanƙwasa siririyar ƙusa, gara a huda a sa sukuru. Shi kuma MDF yana tsagewa idan aka harba a bakinsa kusa da kusurwa, don haka ka ja baya da kamar yatsa biyu.

Tsawon ƙusa ya ninka kaurin abin da kake kamawa sau biyu zuwa uku. Adon da kaurinsa milimita 12 ne, ƙusa mai 30 ce tasa. Ka dafa bakin bindiga sosai a kan katako, a miƙe, kafin ka ja kunama. Siririyar ƙusa ta fi karkacewa dama ko hagun bindiga, saboda yadda aka fere bakinta. Idan kana harbi cikin bakin falanki, ka gicciye bindigar a kansa, yadda ko ta karkace tsawon katakon za ta bi, ba za ta ɓullo ta fuska ba.

Akwai maganar da ta wuce dabara, ta shafi amana. Siririyar ƙusa ba ita ke riƙe kaya ba. Aikinta ta kama katako har gam ya bushe. Ƙarfin gado da kujera yana cikin haɗin da aka sassaƙa, da gam, da sukuru ko noti. Saurin bindiga yana jan mutum ya yi ta harbi ya rufe da fenti, kaya su fita suna sheƙi, kafin shekara ta zagayo ƙafar gado ta fara rawa. Mai saye ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fenti, ya dogara ne da kai. Kafintan gari kuma ba baƙo ba ne, gobe ma a nan za a same shi.

Sunanta bindiga, kuma haka za a ɗauke ta. A Amurka, jagorar da hukumomin kare lafiyar ma'aikata na OSHA da NIOSH suka fitar a 2011 ta ce bindigar ƙusa tana kai mutane sashen gaggawa na asibiti kimanin sau 37,000 a shekara. Hannun da ke riƙe katako ya yi nesa da bakinta, akalla ninki biyu na tsawon ƙusa, domin ƙusa kan ci karo da gaɓar itace ta juyo. Kada ka yi yawo da yatsa a kan kunama. Wasu masu araha ba su da harshen kariya a baki, da an taɓa kunama sai harbi. Idan da hali ka zaɓi wadda sai an dafa bakinta a kan katako take tashi, kuma kada ka ɗaure harshen da waya don neman sauri. Ƙusa ta maƙale? Ka cire mesa tukuna, ka zare sauran ƙusoshi, sannan ka buɗe bakin. Tabarau na kariya wajibi ne ga mai harbi da mai riƙe masa. Kuma ko da wasa kada a haɗa bindiga da tukunyar iskar masu walda: iskar oksijin da mai in suka gamu fashewa suke yi. Idan tsautsayi ya faɗa, ƙusa ta shige ido ko ta nutse a jiki, kada a zare ta a shago. A garzaya asibiti mafi kusa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a kuma nemi allurar tetanos.

Bindigar feshi

Ga ƙaramin inji, ka zaɓi bindiga mai kofi a sama wadda ba ta shan iska da yawa. Baki mai milimita 1.3 zuwa 1.5 ya dace da banish da fenti mai ruwa-ruwa, mai 1.8 kuma da sila da fentin shimfiɗa masu kauri. Ka ware wa feshi mesarsa daban, wadda mai bai taɓa shiga ba, ka sa matatar ruwa a kusa da bindiga, domin iska sai ta huce a cikin mesa take sakin ruwanta.

Kyan feshi daga guga yake farawa. Ka goge da samfefa mai lamba 120, ka bi da 180 ko 220, kana bin tsawon jijiyar katako. Ka share ƙura, ka fesa sila, in ta bushe ka sake bi da 320 sama-sama. Ka sirka fenti da tina gwargwadon yadda aka rubuta a gwangwani, ka tace da ƙyalle mai laushi kafin ka zuba a kofi. Bindiga ta gama-gari tana son bar 3 zuwa 4, mai alamar HVLP kuma wajen bar 2. Ka saita regileta kana danne da kunama, domin matsi yana sauka idan iska na fita.

Bindigar tana da maɓallai na faɗin feshi da na yawan fenti. Ka gwada a kan kwali har feshin ya fito dogo mai kan ƙwai, ba ƙullutu a tsakiya. Ka riƙe ta tazarar taƙi ɗaya daga katako, wato santimita 15 zuwa 20, tana fuskantarsa kai tsaye. Dukan hannu ne zai yi tafiya, ba wuyan hannu kaɗai ba. Ka ja kunama kafin ka iso gefen katako, ka sake ta bayan ka wuce ɗaya gefen, kowane layi ya hau rabin na bayansa. Ka fara da gefuna da lungu, ka ƙare da fuska. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Idan geji ya sauka ƙasa da abin da ka saita, ka dakata a ƙarshen layi har tanki ya cika. Sannu ba ta hana zuwa.

Fenti da kansa yake faɗin abin da ke damunsa. In ya zubo yana hawaye, ka matsa kusa da yawa ko hannunka ya yi nawa. In ya yi ƙuraje, ya yi kauri ko iska ta yi kaɗan. In ya yi garas-garas kamar an watsa yashi, ka yi nisa ko zafi ya busar da shi tun a iska. In ƙananan ramuka suka fito, mai ko ruwa ya biyo mesa. In ya yi fari-fari kamar hazo, laimar damina ce ta shige shi. Da ka gama, ka juye sauran fenti, ka fesa tina har ta fito fes, ka kwance baki da allura ka wanke. Kada ka tsokaci ramukan da waya ko ƙusa, da sun buɗe feshin ya karkace ke nan.

Tururin tina yana kama wuta daga nesa. A yi feshi a rumfa mai iska, nesa da janareta, da garwashin mai shayi, da taba, da shi kansa injin, domin makunninsa yana tartsatsi. Takunkumin yadi ƙura kaɗai yake ragewa, tururi yana ratsa shi. Wanda ake buƙata shi ne mai gwangwanin gawayi a gefe, ana canza gwangwanin da zarar an fara jin wari. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa, ya fi haɗari, domin yana jawo asma, kuma wanda ya kamu yakan daɗe yana fama. Madarar da masu feshi ke sha bayan aiki ciki take tafiya, tururi kuwa huhu ya shiga, ba ta wanke komai.

Bindigar hura ƙura

Ita ce mafi araha, ita ce kuma aka fi wasa da ita. Tana da amfani wajen fitar da ƙura daga ramin haɗi da lungun durowa, amma ka rage matsi zuwa bar 2. Dokar OSHA ma ta hana shara da iskar da ta kai PSI 30. Kada ka hure rigarka ko jikinka da ita, kuma kada yara su nuna wa juna. Iska mai matsi tana fasa dodon kunne, tana cusa tsinke a ido, tana iya shiga jiki ta rauni, kuma an sha samun wanda ya mutu saboda an nuna masa ita ta baya da sunan wasa. Kada a share shago da ita, domin ƙurar da ta kwanta ce za ta koma hanci. Tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na cikin hanci. A yayyafa ruwa a share da tsintsiya.

Kulawa bisa yanayin shekara

Da damina ruwa ne abokin gaba. Iska mai laima idan aka matse ta sai ta zubar da ruwanta a tanki, kuma gudun awa ɗaya a watan Agusta yana iya tara fiye da mililita 100. Ruwan nan yana cin tanki daga ciki, inda ido ba ya gani. Kowace yamma ka rage iska zuwa wajen bar 2, ka buɗe famfon ƙasa, ka ɗan karkata injin har ruwa ya ƙare. Ranar feshi ka yi haka da rana ma. Tankin da ya fara yoyo saboda tsatsa ya gama aiki. Kada a kai shi walda, domin ƙarfen da ke kewaye da ramin ma ya ci, kuma fashewar tanki tana kisa.

Da hunturu ƙura ce. Ka cire matatar iska duk mako ka kakkaɓe, in ta soso ce ka wanke ta bushe sarai kafin ka mayar. Inji marar matata yana shan ƙura, ƙura kuma tana cinye zoben fistin. Feshi a wannan lokaci da sassafe ya fi, kafin iska ta taso, bayan an yayyafa wa daɓe ruwa.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, injin yana buƙatar hutu. Ƙananan nan ba a yi su don gudu ba tsayawa ba. Ka ba shi hutu kwatankwacin gudun da ya yi, ka share ƙurar da ke tsakanin haƙarƙarin kansa. In ya mutu da kansa don zafi, ka bar shi ya huce kafin ka danna maɓallin farfaɗowa.

Mai kuwa, a sabon inji ka canza shi bayan kimanin awa 50 na aiki, daga nan ka bi abin da littafinsa ya ce, ko duk lokacin da ya yi baƙi ko ya yi fari kamar an zuba madara. Ka nemi man kwamfireso na ainihi. Sau ɗaya a wata ka ja zoben bawul ɗin kariya ka ji ya saki iska ya koma. Kada ka taɓa toshe shi, kada kuma ka ƙara wa makunni matsi fiye da yadda aka saita. In za ka ja layin iska a bango, kada ka yi da bututun roba na ruwa, yana tarwatsewa.

Wasu matsaloli da inda za a duba

Idan moto yana gurnani bai tashi ba alhali wuta da ƙarfi, galibi kafasito ne ya mutu. Idan iska ta ci gaba da fita ta ƙarƙashin makunni bayan moto ya tsaya, bawul ɗin da ke hana iska komowa daga tanki ne ya yi datti ko robarsa ta ci. Ka sauke iska duka kafin ka kwance shi. Idan yana gudu amma ya daɗe bai cika ba, ka duba matata da yoyo tukuna, sannan gasket da bawul na kan inji. Idan bindiga tana harbi ba ƙusa, ko dai gidan ƙusa ya ƙare, ko matsi ya yi ƙasa, ko tana son mai. Duk abin da ya shafi naɗin waya, a kai wa mai gyaran lantarki.

Yaran shago

Yawancin masu riƙe bindigogin nan ba masu shago ba ne, yaran da iyayensu suka kawo koyon sana'a ne, kuma amana ne a hannun maigida. Kada a miƙa wa sabon yaro bindiga don kawai aiki ya yi yawa. A fara ba shi zubar da ruwan tanki, da kakkaɓe matata, da duba mai, da naɗe mesa, har su zame masa jiki. Daga nan a koya masa karanta geji da saita regileta. Sai bindigar kushin a kan guntayen katako, maigida na tsaye. Sai ta ƙusa. Feshi ne na ƙarshe, kuma sai da takunkumin da ya dace. Guduma da kurfi da zarto kada su bar hannunsa a duk wannan lokaci, domin ranar da babu wuta ko man janareta, da su zai ci abinci. Kuɗin tabarau biyu, da takunkumi, da abin toshe kunne, a lissafa su cikin kuɗin injin tun ranar saye. Maigida kuma shi zai fara sa su, domin abin da yaro ya ga ana yi shi yake ɗauka.